Kalambaina: Aikin da ke jiran ɗaliban Sakkwato a ƙofar kamfanin siminti

A Ƙaramar Hukumar Wamakko, a gefen birnin Sakkwato, akwai manyan cibiyoyi biyu da tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai tafiyar sa'a guda a kan babur ba. Ɗaya ita ce Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, take kuma yaye dubban ɗalibai a kowace shekara. Ɗayar ita ce masana'antar siminti ta Kalambaina, wadda ta fara aiki a 1967, yau kuma tana cikin mafiya girma a Arewacin Najeriya. Dukansu suna zaune ne a jihar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ta ce ta fi kowace jiha yawan kason matalauta a manyan rahotanninta biyu na talauci, na 2020 da na 2022.

A 'yan shekarun nan an samu ƙaruwar shirye-shiryen da ke ɗaukar ɗalibai na wasu watanni, a horar da su, a ba su ɗan alawus, su bi diddigin ayyukan gwamnati ko su binciki wata matsala ta al'umma. Ɗaliban Sakkwato sun shiga irin waɗannan shirye-shirye, wasunsu ma sun yi suna a cikinsu. Sai dai mafi yawan aikin yana tsayawa ne a kan bankaɗo ginin da aka yi watsi da shi, a wallafa labari da Turanci, a wuce. Babban giɓin yana nan ba a taɓa shi ba: samar da hujja daga matakin mazaɓa da ƙauye, wadda za a iya ɗauka a ajiye a gaban masu rabon kuɗin jama'a a lokacin da suke rabon. Kalambaina wuri ne da ya dace a gwada ko ɗaliban jihar za su iya cike wannan giɓi.

Inda alƙaluman suka tsaya

A watan Mayun 2020 NBS ta fitar da rahoton talauci da ta gina a kan binciken yanayin rayuwa na 2018 zuwa 2019. Ta ja layin talauci a kan naira 137,430 ga mutum ɗaya a shekara, ta ce kashi 40.1 cikin ɗari na 'yan ƙasa, wato mutum miliyan 82.9, suna ƙasa da layin, ban da Jihar Borno da ba a saka a lissafin ba saboda matsalar tsaro. A Sakkwato kason ya kai 87.73 cikin ɗari. A Legas kuwa 4.5 ne.

A Nuwamban 2022 hukumar ta sake fitowa da wani ma'auni na daban, wanda bai tsaya a kan kuɗin da mutum ke kashewa ba. Ya duba lafiya, da ilimi, da yanayin muhalli, da aikin yi tare da masifun da ke afka wa iyali. Da wannan ma'auni mutum miliyan 133, kashi 63 cikin ɗari na al'ummar ƙasa, suna cikin talauci ta fuskoki da dama. Sakkwato ta sake zama ta farko da kashi 90.5 cikin ɗari, yayin da Ondo ta zo ƙarshe da kusan kashi 27. Jihar da ke bin bayan Sakkwato a jerin ita ce Bayelsa mai arzikin man fetur, da kashi 88.5. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa dukiyar da ke ƙarƙashin ƙasa ba ta hawa da kanta ta shiga tukunyar wanda ke zaune a kai.

Waɗannan alƙaluma sun yi amfani, domin sun rufe bakin masu musun cewa akwai matsala. Amma suna da iyaka. Binciken 2022 ya zaɓi gidaje sama da 56,000 a faɗin ƙasa domin tattaunawa da su, kuma mafi ƙanƙantar yankin da aka tsara shi ya bayar da sakamako a kai shi ne mazaɓar sanata. Wamakko tana cikin mazaɓar Sakkwato ta Arewa, tare da ƙananan hukumomi biyu na cikin birni, da Kware, da Binji, da Silame, da Tangaza, da Gudu. Ke nan lamba ɗaya ce ta haɗa ma'aikacin banki a tsakiyar birni da makiyayin da ke bakin iyakar Nijar a Gudu, inda 'yan bindigar Lakurawa suka addabi jama'a. Shugaban ƙaramar hukumar da ke son sanin wace mazaɓa ce ta fi buƙatar rijiyar burtsatse, wacce kuma ta fi buƙatar ungozoma, ba zai samu amsa a cikin wannan lamba ba.

Ga kuma matsalar tsufa. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe an yi ta ne a 2006. Duka rahotannin biyu na talauci an tattara bayanansu kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, kafin faɗuwar darajar naira, kafin kuma hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024. Zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024 ta nuna zafin da jama'a ke ji, amma zafi ba ya faɗin adadin gidajen da suka koma cin abinci sau ɗaya a rana a wata unguwa, ko yara nawa aka cire daga makaranta aka ɗora musu talla.

Arzikin da ke wucewa a bayan tirela

Gwamnatin tsohuwar Jihar Arewa ce ta kafa Kamfanin Siminti na Arewacin Najeriya, CCNN, a 1962, zamanin Firimiya Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, saboda dutsen farar ƙasa da Allah ya shimfiɗa a yankin. Bayan sayar da hannun jarin gwamnati, ragamar kamfanin ta koma hannun rukunin BUA na Alhaji Abdul Samad Rabi'u. A Yulin 2018 Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya buɗe sabon sashe mai iya samar da tan miliyan 1.5 a shekara. A Janairun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Sakkwato ya buɗe wani mai tan miliyan 3. A tsakanin waɗannan shekaru aka haɗe CCNN da sauran kamfanonin simintin rukunin, aka samar da BUA Cement, wanda ya shiga kasuwar hannun jari a Janairun 2020.

Babu mai musun cewa wannan babban jari ne a jihar da masana'antu suka yi ƙaranci. Direbobin tirela, da masu lodi, da masu sayar da abinci a bakin hanya, da masu ba da hayar ɗakuna, duk suna cin abinci a inuwarsa. Kamfanin kuma yakan sanar da gudummawar da yake bayarwa ga al'ummomin da ke maƙwabtaka da shi. Amma akwai dalilai na tsari da suka sa masana'anta irin wannan ba za ta iya sauya alƙaluman talaucin jiha ita kaɗai ba, kuma fahimtar su shi ne matakin farko ga duk ɗalibin da ke son yin bincike na gaskiya.

Na farko, aikin siminti na zamani na injuna ne. Jarin biliyoyi yakan samar da guraben aiki kaɗan idan aka kwatanta da noma ko sarrafa amfanin gona, kuma guraben masu albashi mai tsoka suna neman takardar shaidar ƙwarewa wadda ɗan ƙauyen da bai gama firamare ba ba shi da ita. Na biyu, tsarin mulkin 1999 ya damƙa mallakar dukkan ma'adinai a hannun Gwamnatin Tarayya. Kuɗin haƙar dutse da harajin ribar kamfani Abuja suke nufa, sannan a raba su bisa ƙa'idar rabon arzikin ƙasa. Abin da ke shiga aljihun jiha kai tsaye shi ne harajin albashin ma'aikata da wasu ƙananan kuɗaɗe, tare da kashi 13 cikin ɗari na kuɗin ma'adinan da aka haƙa a ƙasarta. Na uku, ɗawainiyar zama kusa da wurin haƙa, kamar ƙura, da ƙarar fasa dutse, da gonar da aka karɓa, da hanyar da manyan motoci ke tattakewa, a kan maƙwabci take sauka, ba a raba ta da sauran 'yan ƙasa.

Saboda wannan rashin daidaito ne Dokar Ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa duk mai lasisin haƙa ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya fara aiki, a kuma riƙa sake duba ta duk bayan shekara biyar. Dokar tantance tasirin manyan ayyuka ga muhalli ta 1992 ita ma ta tanadi a yi nazari kafin a kafa babbar masana'anta, a kuma baje rahoton ga jama'a. Waɗannan takardu ne da suka shafi rayuwar dubban mutane, rubuce da Turancin lauyoyi da injiniyoyi. Mai gari da limamin da suka shafa suna buƙatar wanda zai karanta musu, ya fassara, ya kuma gwada abin da aka rubuta da abin da ido ke gani.

Abin da aka riga aka fara

Ɗaliban Najeriya ba baƙi ba ne a wannan fage. Ƙungiyar BudgIT, wadda aka kafa a 2011 domin sauƙaƙa wa jama'a fahimtar kasafin kuɗi, ta ƙaddamar da shirin Tracka a 2014 don bin sawun ayyukan mazaɓu. Cibiyar CJID, wadda ta samo asali daga jaridar Premium Times, tana da shirin Campus Reporter na horar da ɗalibai aikin jarida, da shirin UDEME da ke tura matasa su duba ko an yi ayyukan da aka ware wa kuɗi. A Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kanta akwai jaridun ɗalibai, irin su Pen Press, waɗanda suka zama makarantar farko ga matasan da yanzu ke aiki a kafofin labarai na ƙasa.

Misali mafi ƙarfi na abin da matasa za su iya cim ma yana nan kusa, a Jihar Zamfara. A 2010 aka gano gubar dalma daga haƙar zinariya tana kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda aƙalla yara 400 suka rasu. Garin Bagega ya daɗe yana jiran kuɗin da aka yi alkawarin za a share masa gubar, alhali likitocin ƙungiyar MSF ba za su iya fara yi wa yaran magani ba sai an tsabtace ƙasar. A ƙarshen 2012 wasu matasa, ciki har da Hamzat Lawal, suka ɗauki maganar a ƙarƙashin shirin Follow The Money, suka haɗa ziyarar gani da ido da matsin lamba a kafofin sada zumunta, tare da wasu ƙungiyoyi na ciki da waje. A Janairun 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya amince a saki kuɗin, aka kuma yi aikin a shekarar.

Abin da ya sa Bagega ta yi nasara a fili yake. Buƙatar guda ɗaya ce, an san adadin kuɗin, an san ofishin da suka maƙale, an san wanda sa hannunsa zai sake su. Matasan ba su tsaya a kan cewa akwai talauci da rashin adalci ba. Sun nuna ƙofa ɗaya, suka yi ta bugawa har aka buɗe.

Inda gizo ke saƙar

Shirye-shiryen da ake da su yanzu suna da raunin da ya kamata a faɗa ba tare da raina ƙoƙarin masu su ba. Galibinsu daga Abuja ko Legas ake tsara su, da kuɗin masu ba da tallafi na ƙasashen waje, waɗanda ke iya sauya alƙibla a dare ɗaya, kamar yadda aka gani a 2025 lokacin da gwamnatin Amurka ta rushe hukumarta ta USAID. Wa'adinsu gajere ne. Ɗalibi yakan je ƙauye sau ɗaya ko biyu, ya ɗauki hoton asibitin da ba rufi, ya rubuta labari, ya karɓi alawus, zango ya ƙare. Wanda zai zo bayansa sai ya fara daga tushe, domin ba a ajiye bayanan a inda zai same su ba.

Sannan bin sawun gini ya fi sauƙi a kan bin sawun manufa. Aji mara rufi yana fitowa a hoto. Amma tambayar ko tallafin kuɗi na gwamnati yana isa ga waɗanda aka yi shi dominsu tana buƙatar zama da gidaje ɗaruruwa, da tsarin zaɓen waɗanda za a tambaya, da haƙurin komawa bayan wata shida. A Yulin 2023 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, wadda gwamnoni ke ciki, ta nuna shakku a kan sahihancin rajistar matalauta ta ƙasa. A Oktoban shekarar aka ƙaddamar da shirin biyan naira 25,000 a wata, har tsawon wata uku, ga gidaje miliyan 15. A Janairun 2024 aka dakatar da ministar jinƙai, Betta Edu, bisa zargin karkatar da kuɗi. Duk wannan taƙaddama a Abuja aka yi ta. Hujjar da za ta raba gardama kuwa tana cikin gidajen mazaɓu irin na Wamakko: wa aka rubuta, wa aka bari, wa ya samu kuɗin a hannu, sau nawa.

Akwai kuma matsalar harshe da ta jinsi. Rahoton da aka rubuta da Turanci aka ɗora a intanet ba ya komawa ga wanda aka yi hira da shi. A yawancin gidajen karkarar Sakkwato namiji baƙo iyakarsa zaure, alhali labarin abin da aka ci jiya, da yaron da ke ciwo, da bashin da aka ci, yana cikin gida a bakin mata. Duk shirin da bai ɗauki ɗalibai mata da yawa ba zai dawo da rabin labari. A nan tarihin Sakkwato yana da abin koyi. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda take horar da jajis, wato mata jagorori, su riƙa zirga-zirga tsakaninta da matan ƙauyuka suna kai ilimi cikin harshen da ake ji. Ta gane tun a wancan ƙarni cewa mace ce ke iya isa ga mace, kuma saƙon da ba a fahimta ba tamkar ba a aika shi ba ne.

Darussa daga wasu ƙasashe

A Amurka, cibiyar yaƙi da yunwa da ke da alaƙa da majalisar dokokin ƙasar tana gudanar da shirin Emerson, wanda ke ɗaukar matasa na kusan shekara guda tare da biyan su. Rabin farko suna yin sa ne a ƙungiyoyin da ke aiki kai tsaye da mabuƙata a garuruwa daban-daban, rabi na biyu kuma a birnin Washington, a cibiyoyin da ke tsara manufofi. Hikimar tsarin ita ce wanda ya ga layin masu jiran abinci da idonsa shi ne kuma zai zauna inda ake rubuta dokar abincin.

A Indiya, tun 2005 ƙungiyar Pratham ke gudanar da binciken ASER, inda dubban 'yan sa-kai, da yawansu ɗaliban kwalejoji, ke shiga gida-gida a karkara suna gwada ko yaro zai iya karanta ɗan gajeren labari ko ya yi lissafi mai sauƙi. Gwajin a kan takarda ɗaya yake, kowa na iya fahimtar sakamakonsa, kuma ana maimaita shi. Da haka aka karkatar da muhawarar ilimi a ƙasar daga yawan yaran da aka rubuta a makaranta zuwa abin da suka koya a cikinta.

A Yuganda kuwa, wani binciken bin sawun kuɗi ya gano cewa tsakanin 1991 da 1995 kashi 13 cikin ɗari kacal na kuɗin gudanarwa da gwamnati ke aika wa makarantun firamare ne ke isa gare su. Gwamnati ta fara buga adadin da take turawa kowane wata a jaridu, ana kuma manna shi a makarantu. Zuwa 2001 abin da ke isa ya kai kusan kashi 80 cikin ɗari. Masana sun yi muhawara a kan ko jaridun kaɗai ne suka kawo sauyin ko har da wasu gyare-gyaren da aka yi a lokacin, amma babu saɓani a kan cewa tambaya ɗaya mai sauƙi, nawa aka aiko kuma nawa ya iso, ita ce ta buɗe ƙofar.

Tambayoyin da ke jira a Kalambaina

Idan aka kafa shirin tallafin bincike na ɗalibai a Sakkwato, ba sai ya yi nisa wajen neman aikin farko ba. Yarjejeniyar raya al'umma da doka ta tanada ita ce mafari: me aka yi alkawari a ciki, su wa suka sa hannu a madadin jama'a, yaushe aka sake duba ta, wane ɓangare aka cika. Irin wannan bincike yana iya wanke kamfani kamar yadda yake iya nuna gazawarsa, kuma duk wanda ya cika alkawari shi zai fi kowa amfana idan wani mai zaman kansa ya tabbatar da hakan.

Aiki na biyu shi ne kuɗin ƙaramar hukuma. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, hukuncin da aiwatar da shi ya yi ta tafiyar hawainiya. Adadin da ake ware wa kowace ƙaramar hukuma a kowane wata ana wallafa shi a fili. Ɗalibin sashen akanta ko tattalin arziki zai iya jera kason Wamakko na wata goma sha biyu, ya ajiye shi kusa da jerin ayyukan da aka yi a mazaɓunta. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowa damar neman takardun hukuma, ta kuma ba hukumar kwana bakwai ta amsa. A Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa dokar ta hau kan jihohi, abin da ya kawar da uzurin da aka daɗe ana fakewa da shi.

Aiki na uku shi ne ƙaramin binciken gidaje da za a riƙa maimaitawa kowace shekara a mazaɓu ƙalilan, da irin tambayoyin da NBS ta yi amfani da su a 2022, domin a iya kwatanta sakamakon da na ƙasa. Ɗaliban likitanci da na kimiyyar muhalli za su iya ƙara awon ƙura a iska da ingancin ruwan rijiyoyi. Sakamakon yana da masu jiransa: 'yan majalisar dokokin jiha su 30 a lokacin da suke nazarin kasafin kuɗi a ƙarshen shekara, da Hukumar Zakka da Waƙafi ta jihar wadda ke buƙatar sanin inda mabuƙata suka fi yawa, da kuma jama'ar da aka tambaya, waɗanda ya kamata su fara jin sakamakon da Hausa da Fulatanci a ƙofar fadar hakimi da gidan Rediyon Rima kafin a kai shi ko'ina.

Ma'aikatan wannan aiki suna nan a shirye. Kowace shekara ɗaliban ajin ƙarshe a Jami'ar Ɗanfodiyo, da Jami'ar Jihar Sakkwato, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi suna rubuta kundayen bincike da ke ƙarewa a kan kanta suna shan ƙura. Da za a haɗa ashirin daga cikinsu a kan tambaya ɗaya da ma'auni ɗaya, ƙarƙashin kulawar malamai biyu ko uku, da an samu abin da babu wata ma'aikata a jihar da ke da shi.

Wa zai biya, wa zai kare

Hausawa na cewa bakin da ya ci shi ke godiya. Shirin da kamfanin siminti ko gwamnatin jiha ke riƙe da wuyan jakarsa ba zai iya binciken mai jakar ba, ko da kuwa ba a taɓa ce masa ya yi shiru ba. Hanyar da ta fi tsabta ita ce Asusun TETFund, wanda dama daga harajin da ake cira a ribar kamfanoni ake tara shi, yake kuma ba malaman manyan makarantu tallafin bincike. Gidauniyoyi masu zaman kansu, har da ASR Africa da shugaban BUA ya kafa a 2021, za su iya zuba nasu, muddin kuɗin zai bi ta hannun kwamiti mai cin gashin kansa, aka kuma rubuta tun farko cewa za a wallafa sakamako ko ya yi wa wa daɗi ko bai yi ba. Biyan ɗaliban kuwa wajibi ne. Idan aka ce aikin sa-kai ne, 'ya'yan masu hali kaɗai za su iya yi, ɗan talakan da ya fi kowa sanin ciwon ya tafi neman kuɗin rajista.

Kariya ita ma ba ƙaramar magana ba ce. An sha amfani da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 wajen kama 'yan jarida a Najeriya, kuma gyaran da aka yi masa a 2024 bai kawo ƙarshen hakan ba. Ɗalibi ya fi ɗan jarida rauni, domin bayan 'yan sanda akwai kwamitin ladabtarwa na makaranta, akwai takardar kammala karatu da yake tsoron rasawa. Shiri na gaskiya yana buƙatar lauya a shirye, da rubutacciyar amincewar hukumar jami'a, da edita ƙwararre da zai tace kowace lamba kafin ta fita. Yana kuma buƙatar sanin iyakarsa: ba a tura ɗalibi Sabon Birni ko Isa, inda 'yan bindiga ke cin karensu babu babbaka, da sunan bincike. Mutanen da ake yi wa tambaya su ma suna da haƙƙi. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hana amfani da bayanan mutum yadda aka ga dama, kuma mutuncin talaka ya fi hoton da zai jawo tafi a Facebook.

Haɗari na ƙarshe daga cikin gida yake. Zaɓen 2027 na ƙaratowa, kuma an saba ganin matashin da ya yi suna wajen sukar gwamnati ya wayi gari mai ba wani ɗan siyasa shawara ta musamman. Idan ɗaliban suka zama makamin wata jam'iyya, ɗaya ɓangaren zai yi fatali da alƙalumansu ko da gaskiya ne. Maganin haka shi ne a baje hanyar binciken da ɗanyen bayanan a fili, ta yadda duk mai shakka zai iya sake lissafin da kansa.

Sakkwato ta yi shekaru tana jin adadin matalautanta daga bakin baƙi, a rahotannin da ake fitarwa bayan shekaru, masu faɗin girman ciwon ba tare da nuna gurbinsa ba. Dokokin da ke ba ɗan ƙasa damar tambaya suna nan, kotu ta ƙarfafa su, ɗaliban da za su yi tambayar kuma suna zaune a ƙaramar hukuma ɗaya da masana'antar. Abin da ya rage shi ne wani sashe a jami'a ya ɗauki nauyin shekarar farko, ya zaɓi mazaɓu biyu ko uku a Wamakko, ya gama aikin kafin gwamna ya kai kasafin kuɗi na gaba gaban majalisa.